Wata huɗu ba albashi, kuma an ce in sayi kafili

"Assalamu alaikum Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Shekarata 32, mutumin Katsina ne ni, shekara huɗu ke nan ina Jidda a ƙasar Saudiyya. Na yi babbar difloma a fannin lissafin kuɗi a gida, amma lebura aka rubuta a iƙamata, wato takardata ta izinin zama. Ina kula da sito a wani kamfanin kayan gini, albashina riyal 2,000. Yau wata huɗu ba a ba mu ko sisi ba. Iƙamata saura wata biyar ta ƙare, mai kamfanin kuma ya ce ba shi da halin sabunta ta. Na kai takarduna wurare sun fi goma, kowa sai ya ce gurbin na 'yan ƙasa ne. Wani ɗan uwanmu ya haɗa ni da wani mutum, ya ce in ba shi riyal 9,000 ya mayar da ni ƙarƙashin sunansa, ya zama kafilina, in riƙa buga-bugata, duk wata in kai masa 300. Wannan 9,000 ɗin shi ne ragowar abin da na tara. A gida Inna da matata da yara biyu da ƙannena ni suke jira. Ban gaya musu komai ba, cikin ajiyar nake tsakura ina aika musu kamar yadda na saba. Kunyar komawa hannu rabbana nake ji. Yaya zan yi? Ɗanka, daga Jidda."

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yaye maka, Ya buɗa maka ta inda ba ka zato.

Kafin komai, kada ka ba mutumin nan kuɗinka. Ko riyal ɗaya kada ka ba shi a matsayin kafin alƙalami. Zan gaya maka dalili, kuma zan fara da abin da ya faru a gabana, domin ni ba labari na ji ba.

Shekarun baya akwai wani yaro ɗan garinmu, mai hankali, mai salla, da ya zo mini da irin maganarka. Kuɗinsa ba su kai ba, ni na cika masa. Har yau ina tuna daren: muna zaune a tabarma bayan isha'i, na ƙirga kuɗin na sa a ambulan, ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya har da hawaye. Shekarar farko lafiya lau. Yana fenti, yana ɗan samu, yana kai wa mutumin kuɗinsa duk ƙarshen wata. Da lokacin sabunta iƙama ya zo, sai mutumin ya ce kuɗin gwamnati sun ƙaru, sai an ƙaro dubbai. Yaron ya ce a ba shi wata biyu. Kafin wata biyun su cika, an riga an rubuta cewa ya gudu daga aiki, abin nan da muke kira hurub. Bai sani ba, sai ranar da aka tsayar da motar da suke ciki aka duba lambarsa. Daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ya kira ni da wayar wani. Bai tambaye ni kuɗi ba. Cewa ya yi in je ɗakinsa in ɗauko ƙaramar jakar da ya saya wa 'yarsa kayan salla a ciki, in ba wani mai tafiya. Na ɗauko jakar. Nauyinta bai kai kilo uku ba, kuma ita ce duk abin da shekara biyu suka haifar. Ni na taimaka aka kai shi can, kuma abin bai bar zuciyata ba.

Wannan cinikin da ake kiranka, abin da ake ce masa fiza hurra, babu shi a dokar ƙasar nan. Dokar ƙwadago, a sashe na 39, ta hana ma'aikaci ya yi wa wani aiki in ba wanda yake ƙarƙashinsa ba, ta kuma hana shi yi wa kansa. Wato ranar da ka koma ƙarƙashin mutumin nan ka fita neman na kanka, daga ranar kai mai laifi ne duk da iƙamar da ke aljihunka. In aka kama ka a wurin aiki, sunan da ke kan takarda bai dace da wurin da aka same ka ba, sai gidan tarhil na Shumaisi, sai hoton yatsu, sai jirgi, ƙofar dawowa aiki kuma ta rufe. Shi kuwa mutumin, yana da hanyar wanke kansa da danna waya kawai. Kai ba ka da ko takardar da za ta nuna ka ba shi kuɗi, in ma kana da ita ba ka isa ka kai ta ko'ina ba, don shaida ce a kanka.

Sannan ka yi lissafi, tunda lissafi ka karanta. Tun 2020 harajin da ake biya a kan ma'aikaci baƙo a yawancin kamfanoni ya kai riyal 700 ko 800 a wata, wato 8,400 ko 9,600 a shekara, ban da 650 na iƙama, ban da inshorar lafiya. A doka mai aiki ne yake biya. A cinikin da ake kiranka, kai za ka biya, duk shekara, ga 300 ɗin wata-wata a kai. Kafin ka ci, kafin ka biya haya, kafin ka aika wa Inna ko riyal ɗaya, ka riga ka ɗauki nauyin da ya haura riyal 1,000 a wata. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. In kuwa an ce maka daga baya a buɗe maka shago da sunan ɗan ƙasa, wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Ban ce ɗan uwan da ya haɗa ku mugu ba ne. Sau da yawa shi ma a cikin ramin yake, yana ganin taimako yake yi, kamar yadda ni ma na gani a lokacin.

Yanzu bari in nuna maka abin da ke hannunka wanda ba ka gani ba saboda damuwa. Kana da iƙama mai rai, saura wata biyar. Ba a rubuta maka hurub ba. Kuma kamfanin ne yake da laifi a wurinka. A halin da ake ciki, mutane da yawa a garin nan da za su samu matsayinka da sun yi sujada.

Tun ranar 14 ga Maris, 2021 aka sassauta dokar kafala, wadda ta ɗaure baƙo da mai aikinsa, ga ma'aikatan kamfanoni. Masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba sa ciki, amma kai kana ciki. Daga cikin dalilan da suke ba ma'aikaci damar komawa wani kamfani ba tare da yardar mai aikinsa ba, akwai rashin biyan albashi wata uku a jere, akwai ƙarewar iƙama ko izinin aiki ba a sabunta ba, akwai rashin rajistar kwantiragi. Kai wata huɗu kake bi. Ma'ana, abin da mutumin nan yake so ya sayar maka a 9,000, wato fita daga hannun kamfaninka, doka ta riga ta ba ka shi. Abin da ya rage shi ne kamfani na gaskiya da zai turo maka tayin aiki ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ka karanta, ka amince.

Don haka yau ɗin nan, ka buɗe Qiwa da Absher, manhajar gwamnati ta harkar iƙama, ka duba da idonka: an yi wa kwantiraginka rajista? Nawa aka rubuta albashinka? Me aka rubuta game da matsayinka? Ka je banki ka karɓi takardar shige da ficen kuɗinka ta shekara guda, wadda za ta nuna ranar da albashi ya tsaya. Ka adana duk saƙon da ke tsakaninka da su a waya. In fasfonka yana hannunsu ka neme shi, riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar ƙasar. Daga nan ka shigar da ƙara a shafin ma'aikatar ƙwadago, sashen sulhu, wanda suke kira taswiya wuddiyya. Ana ba da kwana 21 na aiki a sasanta ku, in abin ya faskara a tura kotun ma'aikata. In wani abu ya shige maka duhu, lambar ma'aikatar 19911 ce. Kuma in kun haɗu da abokan aikinka da su ma suke bin kamfanin albashi, muryarku ta fi ƙarfi.

Abu biyu nake roƙonka a nan. Na farko, kada ka daina zuwa aiki don fushi kafin ka shigar da ƙara, domin hanyar da za su bi su rubuta ka a matsayin wanda ya yanke zuwa aiki ke nan, sai magana ta juye a kanka. Na biyu, kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki, kada kuma ka sa hannu a wadda ta ce ka karɓi duk haƙƙinka, ko da an ce maka ƙa'ida ce kawai, kuɗin na zuwa jibi. Ga dalili. Ladan ƙarshen aiki rabin albashin wata ne ga kowace shekara a shekaru biyar na farko. Naka na shekara huɗu riyal 4,000 ke nan. In kai ka ajiye aikin da kanka tsakanin shekara biyu da biyar, kashi ɗaya cikin uku kawai za ka samu, wato kusan 1,300. Amma sashe na 81 ya ba ma'aikaci damar barin aiki da cikakken haƙƙinsa idan mai aikin ne ya kasa cika abin da ke kansa, kuma babu abin da ya kai albashi girma a ciki. Ka haɗa 8,000 na wata huɗu da 4,000, kana bin su 12,000, ban da kuɗin hutun da ba ka ci ba da tikitin komawa. Ba zan ce maka za su fito gobe ba. Kamfanin da ya durƙushe biyansa yana da wuya, wani lokaci sai an ja. Amma kada ka yi sake, domin in shekara guda ta wuce bayan rabuwarku ba ka kai ƙara ba, kotu ba za ta saurare ka ba.

Na san irin tarbiyyarmu. Muna jin nauyin kai ƙarar wanda muka ci gishirinsa, mu ce a bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau. Amma guminka abincin 'ya'yanka ne, kuma addininmu ya yi umarni a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Ka nemi haƙƙinka cikin ladabi, ba zagi, ba ɗaga murya, ka gaishe su kamar kullum, takarda kuma tana tafiya.

Sai maganar neman aikin. A nan zan faɗa maka abin da zai yi maka ɗaci. Wuraren nan goma da suka mayar da kai, ba ƙiyayya ba ce, ba kuma hannun maƙiya ba ne. Tun 2011 da aka kawo tsarin Niɗaƙat ake auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasar da ya ɗauka, wanda ya gaza a sa shi a jan layi, a toshe masa biza da sabunta takardu. A 2016 aka fitar da baƙi daga shagunan waya, muna ji muna gani 'yan uwanmu da suka yi shekaru suna gyara suka tattara. Daga 2018 aka bi shagunan tufafi da kayan ɗaki da kayan lantarki da kayan gini. A 2021 aka ware wa 'yan ƙasa kashi 30 cikin ɗari na aikin akanta a kamfanonin da ke da akanta biyar ko fiye, kuma baƙon da zai yi aikin sai ya yi rajista da hukumar akantoci ta ƙasar. Ƙasarsu ce, su ma suna da matasa masu digiri da ke zaune a gida. Kujerar ofis da ka sa wa rai, kullum ƙara nisa take yi da baƙo, balle wanda aka rubuta wa lebura a iƙama. In ka ci gaba da ƙwanƙwasa wannan ƙofar kaɗai, wata biyar ɗin za su ƙare kana tsaye.

Inda ƙofa take a buɗe shi ne inda ake zufa da inda ake buƙatar amana. Ƙasar nan gine-gine take yi, ga baje kolin duniya na 2030 a Riyad, ga gasar cin kofin duniya ta 2034 a gaba. Duk kamfanin da ke gini ko gyara ko jigilar kaya yana da sito, kowane sito kuma yana neman wanda ba zai ɓatar da kaya ba. Kai shekara huɗu ka yi kana wannan. Ka san bambancin bututu da bututu, ka san yadda ake ƙirga siminti da rodi, ga ilimin lissafi a kai. Wannan za ka sa a gaba a takardarka, da Larabci da Turanci, shafi ɗaya: kaya na nawa ka riƙe, da wace manhaja ka yi aiki, an taɓa samun giɓi ko ba a taɓa ba. Kuma ka lura, a garin nan aiki ya fi zuwa ta bakin mutum. Direbobin da suke kawo muku kaya, 'yan kwangilar da suke zuwa saye, fomanonin da suka san ba ka taɓa cutarsu ba, su ne jarinka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ce musu a fili: ina neman naƙal kafala, wato komawa ƙarƙashin wani kamfani, iƙamata tana da rai, ba sai kamfanina ya yarda ba. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da nauyi a kunnen mai ɗaukar aiki, don ɗaukar wanda yake cikin ƙasa ya fi masa sauƙi a kan fitar da biza. Kada ka ɗaure kanka da Jidda. In a Riyad ko Dammam ko Yanbu aka samu, ka ɗauki jakarka. Kafin ka danna amincewa a Qiwa kuwa, ka bincika kamfanin ba ya jan layi, ka je ka tambayi ma'aikatansa a wajen ƙofa ko ana biyansu a kan lokaci. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya ɗauke ka, mutumin nan ne na farko ya sake riga.

Harshenka ma kada ka raina shi. A 2023 da 2024 kujeru 95,000 aka ware wa Najeriya a aikin hajji, ga na Nijar, ga masu umra duk shekara, kuma da yawansu Hausa kaɗai suke ji. Kamfanonin da ke ciyar da alhazai da jigilarsu da ba su masauki suna buƙatar mai Hausa da Larabci da Turanci wanda kuma ya iya riƙe lissafi. Akwai hanyar halal ta aikin wucin gadi da ake kira Ajeer, har da ta lokacin hajji. Ta nan ake bi. Shiga Makka aiki a lokacin hajji ba tare da izini ba, shi ma hanyar tarhil ce.

Daga cikin 9,000 ɗin kuwa, ni da zan ba ka shawara, ka ware kaɗan ka koyi aikin hannu a cibiyar da aka yi wa rajista, wadda take ba da shaida. Gyaran mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, ko wayarin, ko famfo. Ka taɓa hawa saman bene a watan Yuli a Jidda ka ga injinan sanyaya ɗaki jere kamar tukwane, kowanne yana gurnani? Duk ɗaya da ya tsaya, akwai gidan da ba za a yi barci ba sai an gyara. Tun 2021 ma gwamnati ta fara jarrabawar tantance masu sana'a, wanda ya ci yana da takardar da kamfani zai gani. Na san za ka ce, ni da difloma? Diflomarka ba ta mutu ba. Mai gyara da ya iya lissafi shi ne gobe yake riƙe ma'aikata goma. Kuma amfanin sana'ar hannu shi ne ba a ƙwace ta a filin jirgi. In komawa ta kama, Katsina da Kano ma zafi ake yi, ga masu haɗa sola ana nemansu ko'ina.

Na bar maganar gida sai yanzu don ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarka. Ɗana, abin da kake yi, kana aika musu daga ajiyarka suna zaton albashi ne, ƙauna ce, amma za ta kai ku ga ranar da za a yanke gaba ɗaya ba tare da sun shirya ba. Na san halin da ake ciki a gida tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi. Riyal 100 ɗinka ya zama kuɗi mai yawa a idonsu, kowa ya ɗora maka buri, alhali kai a nan harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 tun 2020, haya ma ta yi tsada tun bayan rushe unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil da Gulail. Su ba su ga wannan ba. Hotonka a harami suke gani.

Ka kira matarka tukuna, ita kaɗai, lokacin da yara suka yi barci. Ka gaya mata komai, har da adadin abin da ya rage. Sannan ka kira Inna. Ba sai ka tayar mata da hankali da maganar kotu ba. Ka ce mata, Inna, aiki ya tsaya, wata huɗu ba a biya mu ba, ina neman wani, abin da zan iya aikowa kaza ne, na abinci da makarantar yara, ki sa ni a addu'a. Uwa tana ji a muryar ɗanta tun kafin ya faɗa, ina kyautata zaton ta daɗe da sanin akwai abin da kake ɓoyewa. Ƙannenka kuwa, wanda ya isa nema ya tashi ya nema, gudummawar biki da suna a dakata da ita. Wanda zai yi fushi ya yi, zai huce.

Kuma ka sa wa kanka rana. Saura wata biyar. Ka ba neman naƙal kafala wata uku cur, kullum bayan aiki ka tuntuɓi aƙalla mutum biyu. In watan huɗu ya kama babu tayi a Qiwa, ka fara shirin fita da kanka, da huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, a hannunka da sunanka a wanke. Ka tabbatar maganar haƙƙinka tana gaban hukuma, in ta kama ka wakilta wani a hukumance ya ci gaba da bi. Wanda ya fita ta ƙofa yana iya dawowa da sabuwar biza in Allah Ya nufa. Ka ce kana kunyar komawa hannu rabbana. In ka riƙe ajiyarka, ko da 7,000 ne suka rage, ga abin da ka karɓo daga kamfani, ga sana'a, ba hannu rabbana ka koma ba, da jari ka koma. Na raka mutane filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ƙasa da haka, yau wasunsu su ke ɗaukar yara aiki a garuruwansu.

Wancan mutumin kuwa, ba sai kun yi faɗa ba. Ka gaya wa ɗan uwan da ya haɗa ku cewa ka yi shawara da manya, ka fasa, ka gode masa. In ya matsa, ka ce kuɗin ba sa hannunka, kuma don ya zama gaskiya ka faɗa, ka damƙa su ajiya wurin wanda ka yarda da amanarsa, a gaban shaidu biyu, a rubuce. Idan ka buɗe Qiwa ɗin, ka sake rubuto mini abin da ka gani a wurin kwantiragi da wurin albashi, mu duba tare kafin ka shigar da ƙarar.